Darasi na Tara: Azurfa, Haske da Launin Fata

Manufofin darasi

Idan muka kammala wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya:
1. faɗin abin da ake nufi da ruwan azurfa, da bambancinsa da ruwan sukari ko ruwan kamu;
2. bayyana dalilin da ya sa haske ke baƙanta wasu gishirin azurfa;
3. bayyana yadda shan ruwan azurfa ke rina fata, da dalilin da ya sa rinin ba ya fita;
4. lissafa yawan azurfar da ke cikin cokali ko kofi ta duba rubutun kwalba;
5. kawo misalan abubuwa masu ƙyalli irin na azurfa waɗanda babu azurfa a cikinsu.

1. Azurfar da muka sani

Da wuya a rasa mai zoben azurfa a cikin ajin nan. Maƙeran fari sun daɗe suna ƙera mana zobba da mundaye da 'yan kunne da ita, kuma kowa ya san halinta: ka goge ta ta yi fes, ka ajiye ta wata biyu ta yi duhu. Wannan duhun ba tsatsa ba ce irin ta baƙin ƙarfe. Akwai ɗan burbushin sinadarin farar wuta a cikin iska da gumi da wasu abinci, shi ne ke haɗuwa da bayan azurfar ya bar mata baƙin shafi. Wanda ke son gani da idonsa ya goga gwaiduwar dafaffen ƙwai a jikin zobensa ya bar shi ya kwana. Ku riƙe wannan magana ta farar wuta, za mu dawo gare ta.

A cikin ƙarafa duka, azurfa ce ta fi saurin wucewa da lantarki da zafi, kuma ita ce ta fi mayar da hasken da ido ke gani. Gogaggiyar azurfa tana mayar da kusan kashi 95 cikin 100 na hasken da ya faɗo mata. Shi ya sa aka yi madubi da ita. A shekarar 1835 wani masanin sinadarai Bajamushe, Justus von Liebig, ya fito da hanyar shafa wa bayan gilashi siririn shafin azurfa. Madubin da ke ɗakin amarya gilashi ne kawai, mayar da fuskar aikin wannan shafi ne na baya, ko da yake madubai da yawa yanzu da alminiyam ake yi musu shafin don ya fi araha.

AKWATIN MA'ANA
Azurfa: farin ƙarfe mai laushi, alamarsa a ilimin sinadarai Ag, lambarsa 47.
Gishirin azurfa: abin da ake samu idan azurfa ta haɗu da wani sinadari ta bar siffarta ta ƙarfe. Ba gishirin miya ake nufi ba.

2. Mene ne ruwan azurfa?

Ɗauki kofi uku na gilashi. A na farko zuba sukari ka motsa: zai ɓace, ruwan ya koma garai-garai, ko ya kwana ba abin da zai kwanta a gindi. Wannan narkewa ce. A na biyu dama kamu: ruwan zai yi fari, amma kafin a jima kamun ya kwanta a ƙasa, ruwa ya taso sama. A na uku ɗiga madara kaɗan. Ba ta ɓace kamar sukari ba, ba ta kuma kwanta kamar kamu ba. Ƙwayoyinta sun yi ƙanƙantar da ba za su nutse ba, suna nan suna yawo cikin ruwan.

Irin wannan na uku shi masana ke kira koloyid, sunan da Thomas Graham na Sikotilan ya raɗa a 1861. Ruwan azurfa koloyid ne: ƙananan ƙwayoyin azurfa ne ke yawo a cikin ruwa. Girman ƙwaya ɗaya a koloyid yana tsakanin nanomita 1 zuwa 1,000. Don ku gane ƙanƙantar, kaurin silin gashin kai ɗaya ya kai wajen nanomita 80,000.

AKWATIN MA'ANA
Koloyid: ruwa ko iska da ke ɗauke da ƙananan ƙwayoyin wani abu waɗanda ba su narke ba, ba su kuma kwanta ba.
Nanomita: kashi ɗaya idan aka raba milimita ɗaya gida miliyan.

Misali na farko: gwajin tocila

Da dare, jera kofin ruwan sukari da kofin da aka ɗiga wa madara, ka haska su da tocila ta gefe. A ruwan sukari hasken zai ratsa ba ka ga hanyarsa ba. A ruwan madara za ka ga hanyar hasken miƙe kamar sanda, wani lokaci da ɗan shuɗi-shuɗi. Ƙwayoyin madarar ne ke tare hasken suna watsa shi gefe. Abin da ke faruwa ke nan idan rana ta shigo ɗaki ta hudar kwano ka ga ƙura na rawa a cikinta, ko fitilar mota a daren hazo. Ana danganta wannan da John Tyndall, masanin da ya yi nazarinsa a ƙarni na 19. Ƙananan ƙwayoyi sun fi watsa shuɗin haske a kan ja, wannan ma ku riƙe shi.

Masu sayar da ruwan azurfa suna haɗa shi ne ta hanyar tsoma wayoyin azurfa biyu a ruwa su jona musu batir. Lantarkin sai ya riƙa ɓantaro azurfar kaɗan-kaɗan. Akwai masu yin haka a gida, kuma su ne suka fi shiga uku, domin ba su da ma'aunin da zai gaya musu yawan abin da ya shiga ruwan.

3. Gaskiyar da ke cikin tallar, da inda ta tsaya

Ba za mu zalunci azurfa ba: tana kashe ƙwayoyin cuta idan ta taɓa su. Likitoci sun san haka tun da daɗewa. A farkon shekarun 1880 wani likitan haihuwa a birnin Leipzig na Jamus, Carl Credé, ya fara ɗiga wa jarirai tsarmin gishirin azurfa a ido da zarar an haife su, don kare su daga makantar da ciwon sanyin uwa ke jawowa, kuma jarirai masu yawa sun tsira da idanunsu. Kafin zuwan penisilin a shekarun 1940, magungunan ɗiga a hanci da ido da na wanke rauni da yawa da azurfa ake haɗa su. Har gobe asibitoci na amfani da wani farin man ƙuna mai azurfa wanda aka fito da shi a shekarun 1960, da bandeji mai azurfa.

Ku lura da abu ɗaya a duk waɗannan: shafawa ne da ɗigawa a waje, da awo, na ɗan lokaci, a hannun ma'aikacin lafiya. Sha wani abu ne daban. Jikin mutum yana buƙatar sinadarin ƙarfe don jini, yana buƙatar aidin don maƙogwaro, amma babu wani aiki ko ɗaya da azurfa ke yi masa. Ba a taɓa samun wanda ya kwanta ciwo don ƙarancin azurfa ba. A 1999 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yanke cewa magungunan da ake saye ba takardar likita masu ɗauke da ruwan azurfa ba a amince da ingancinsu ko rashin illarsu ba. 'Yan kasuwa sai suka sauya masa suna daga magani zuwa ƙarin abinci, ciniki ya ci gaba. Da annobar korona ta zo a 2020, hukumomin Amurka sun aika wa kamfanoni takardun gargaɗi kan tallar ruwan azurfa a matsayin maganinta, jihar Missouri ma ta kai wani mai wa'azin talabijin, Jim Bakker, kotu kan haka.

Ban da rashin amfani, ruwan azurfa yana iya hana jiki tsotse wasu magunguna na gaske, kamar tetirasaikilin, kafson nan da ake kira ja-da-yalo, da maganin da ake ba masu matsalar maƙoƙo. Ka ga an yi ba a yi ba: ga kuɗi sun tafi, ga maganin asibiti ya rage ƙarfi.

4. Dodon hoto

Manya a cikinmu sun ga zamanin da mai hoto zai ce a dawo jibi, sai ya wanke. Yakan shige wani ɗaki mai duhu ya kulle, kuma duk wanda ya buɗe masa ƙofa ya ɓata aikin ranar. Me yake ɓoyewa daga haske?

Fim ɗin hoto shafe yake da ƙananan kiristal na gishirin azurfa, waɗanda ba su da duhu. Da haske ya taɓa su sai su fara rabuwa, azurfar ta koma ƙarfe, ƙanana-ƙananan ƙwayoyi waɗanda ba sa ƙyalli, baƙaƙe ne. Inda haske ya fi yawa nan baƙin ya fi yawa. Shi ya sa a dodon hoto, wato fim ɗin da aka wanke, farar riga ke fitowa baƙa, baƙar fuska ta fito fara, har yara su tsorata. Ruwan farko da mai hoto ke tsoma fim yana ƙarasa baƙantawar, na biyu kuma yana wanke ragowar gishirin da haske bai taɓa ba, don kada hoton ya ci gaba da yin duhu. Tun farkon ƙarni na 18 wani malami Bajamushe, Johann Heinrich Schulze, ya nuna cewa haske ne ke baƙanta gishirin azurfa, ba zafi ba. A 1839 aka bayyana wa duniya hanyar ɗaukar hoto ta Louis Daguerre a Faransa, a kan faranti mai shafin azurfa. Baƙin da kuke gani a fim ɗin hoton ƙirji na asibiti, shi ma azurfa ce.

5. Lokacin da fata ta zama fim

Yanzu mu haɗa abubuwan da muka ajiye. Mutum ya sha ruwan azurfa. Tsamin ciki ya narkar da ƙwayoyin suka koma gishirin azurfa. Mafi yawa yakan fita ta bayan gida, amma wani kaso yakan shiga jini, jini ya kai shi ko'ina: hanta, ƙoda, ido, fata. A fata yakan taru a can ƙasa, musamman kewaye da maɓuɓɓugar gumi. Mutumin ya fita rana. Haske ya ratsa fata ya yi wa gishirin abin da yake yi wa fim, ya mayar da shi ƙwayoyin ƙarfe. Daga nan ƙwayoyin su haɗu da farar wuta da wani sinadari mai suna siliniyam da ke cikin jiki, kamar yadda zobe ke yin duhu, su zama abin da ba ya narkewa. Masana a jami'ar Brown ta Amurka ne suka bi wannan hanya mataki-mataki a gwajin da suka wallafa a 2012.

To me ya sa shuɗi, ba baƙi ba? Domin ƙwayoyin suna can ƙasan fata, kuma fatar da ke samansu ta fi mayar wa ido shuɗin haske, jan kuma ya nutse ƙasa ya ɓace a cikin duhun. Ku tuna gwajin tocila. Haka jijiya ke yin kore-kore ko shuɗi-shuɗi a hannun mai hasken fata alhali jinin da ke cikinta ja ne.

AKWATIN MA'ANA
Ajiriya: rinewar fata zuwa launin toka mai shuɗi saboda taruwar azurfa a jiki. Sunan daga kalmar Girkanci ta azurfa aka samo shi.

Mutane biyu a Amurka sun sa duniya ta san wannan larura. Stan Jones, ɗan siyasa daga jihar Montana, ya fara shan ruwan azurfa na haɗin gida a 1999 don tsoron cewa shigowar shekarar 2000 za ta rikita kwamfutoci har magunguna su yanke. Magunguna ba su yanke ba. Da ya fito takarar majalisar dattawa a 2002, launin fuskarsa ya fi manufofinsa cin shafukan jaridu. Paul Karason kuwa ya shafe shekaru yana sha yana kuma shafawa a fuska saboda ciwon fata, har ya koma shuɗi kamar wanda ya faɗa karofi. Ya bayyana a talabijin a 2008, ya rasu a 2013 yana da shekara 62 bayan ciwon zuciya, da launinsa.

Kada wani ya ce wannan matsalar farar fata ce. Azurfa ba ta duba launin wanda ya sha ta. Abin da kawai ya bambanta shi ne a baƙar fata alamar takan jima ba a lura ba. Wuraren da ake fara dubawa su ne dasashi, gindin farce, farin ido, sannan fuska da wuya da bayan hannu, wato inda rana ke duka.

Mai hoto yana da ruwan wanke fim, likita ba shi da na wanke fata. Magungunan da ake bayarwa don fitar da dalma daga jini ba sa aiki a kan azurfar da ta riga ta zauna. Sabulu da man shafawa ba sa kai wa inda take. An samu sauƙi ga wasu ta hanyar ƙona ƙwayoyin da hasken leza, amma aiki ne mai zafi da tsada. Daina sha yana hana ƙaruwa, rage shiga rana yana rage duhun, abin da ya zauna kuwa ya zauna.

Gargaɗi: idan leɓe ko harshe ko farcen mutum suka yi shuɗi farat ɗaya, yana kuma haki, wannan ba ajiriya ba ce. Alamar ƙarancin iska ce a jini, a garzaya da shi asibiti. Ajiriya a hankali take zuwa, cikin watanni ko shekaru, mutum yana cin tuwonsa lafiya. Haka kuma baƙin tabon da ke fito wa masu yawan shafa man bilicin a kumatu, wani sinadari ne daban ke jawo shi, ba azurfa ba.

Misali na biyu: lissafin kwalba

Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa abin da mutum zai iya ɗauka kullum tsawon rayuwa ba tare da fargaba ba shi ne miligiram 0.005 a kan kowane kilo na nauyinsa. Wannan ya haɗa da ɗan abin da ke shiga ta abinci da ruwan sha.

A ce nauyin mutum kilo 60 ne. Iyakarsa: 60 × 0.005 = miligiram 0.3 a rana.
A jikin kwalba an rubuta 10 ppm. Ma'anarsa miligiram 10 na azurfa a lita ɗaya.
Cokalin shayi mililita 5 ne: 10 × 5 ÷ 1,000 = miligiram 0.05.
Kofi mai mililita 250: 10 × 250 ÷ 1,000 = miligiram 2.5.

Kofi ɗaya ya ninka iyakar mutumin fiye da sau takwas. Idan ya riƙe shi kullum har shekara: 2.5 × 365 = miligiram 912.5, saura ƙiris giram guda. Wannan kuma idan abin da aka rubuta a kwalbar gaskiya ne. Na haɗin gida ko rubutun ma babu.

6. Ƙyalli ba tare da azurfa ba

AKWATIN MA'ANA
Kiristal: daskararren abu wanda ƙwayoyinsa suka jeru bisa tsari guda suna maimaita kansu, kamar jerin bulo a gini. Saboda haka yakan fito da fuskoki masu santsi da kusurwoyi. Misali: gishiri, sukari, alam.

Zuba gishiri kaɗan a baƙin ƙyalle ka duba da kyau a rana. Kowace ƙwaya ɗan akwati ce mai fuska shida, kuma garau take kamar gilashi. Amma tulin gishiri a faranti fari ne fat. Kowace fuska tana mayar da ɗan haske, kowacce ta nata ɓangare, sai hasken ya watsu ido ya ga fari. Da fuskokin duka za su kalli gefe ɗaya, da madubi za a samu.

Abin da kifi ya yi ke nan. Mai gyaran kifi ta san farin ƙyallin nan da ke manne wa yatsu da wuƙa bayan an kankare ɓawo. Ko ɗigon azurfa babu a ciki. Siraran falle-falle ne na kiristal ɗin wani sinadari mai suna guwanin, an jera su wani kan wani da ɗan tsakani. Kowane falle yana mayar da haske kaɗan, idan aka tara na falle da yawa sai ya zama madubi. A cikin ruwa wannan madubi ɓuya ce: kifin yana nuna launin ruwan da ke kewaye da shi, mai farautarsa ya kasa rarrabe shi. Tun ƙarni na 17 masu sana'a a Faransa ke tara wannan ƙyalli suna shafa shi cikin duwatsun gilashi su yi lu'ulu'un jabu, kuma har yanzu ana sa shi a wasu kayan kwalliya.

Hawainiya ta fi kifi gwaninta. A 2015 masana a jami'ar Geneva ta Suwizalan suka nuna cewa wata hawainiyar Madagaska tana da irin waɗannan kiristal a fatarta, kuma tana iya matse su ko ta buɗa tsakaninsu. Idan suna matse sai su mayar da shuɗin haske, wanda ke haɗuwa da rawayar fatarta ya ba da kore. Idan ta fusata ta buɗa su, sai rawaya da ja su fito. Ba rini take zubawa ba, tazara take canzawa.

Na ƙarshe yana cikin gidajenmu. Dutsen kwalli, wanda ake niƙawa a yi tozali, yana da fuskoki masu walƙiya kamar sabuwar azurfa. Mafi yawansa kiristal ne na dalma da farar wuta, ko da yake a wasu ma'adinai akan sami 'yar azurfa a cikinsa har a tace ta. Dalma kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro, kuma mun ga ɓarnarta a Zamfara a 2010, inda ƙurar dutsen zinariya mai dalma ta kashe yara fiye da 400. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun gano dalma ta yi yawa a jinin wani jariri ɗan asalin Najeriya, aka bi sawu aka tarar daga kwallin da ake sa masa ne, wanda awo ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki, ta nan take shiga.

Tambayoyin bita

1. Wanne ne koloyid a cikin waɗannan, kuma don me: ruwan gishiri, madara, ruwan kamu?
2. Me ke sa zoben azurfa yin duhu? Ina aka sake ganin wannan sinadari a bayanin ajiriya?
3. Kawo hanyoyi biyu da likitoci suka yi amfani da azurfa. Me ya bambanta su da shan ruwan azurfa?
4. Da kalmominka, bayyana kamannin da ke tsakanin dodon hoto da fatar mai ajiriya.
5. Me ya sa fuska da bayan hannu suka fi ciki da baya rinewa?
6. Wata mata nauyinta kilo 50. Nawa ce iyakarta ta azurfa a rana? Idan ta sha cokalin shayi huɗu daga kwalba mai 20 ppm, miligiram nawa ta sha? Ta wuce iyaka ko ba ta wuce ba?
7. Ledar ruwa mai rabin lita, da za a cika ta da ruwan azurfa mai 10 ppm, miligiram nawa za ta ɗauka?
8. Maƙwabcinka ya wayi gari leɓensa shuɗi yana numfashi da ƙyar. Ajiriya ce? Me za ka yi?
9. Me ya sa ƙwayar gishiri ɗaya take garau, tulinsa kuma fari?
10. Aikin gida: ka yi gwajin tocila da ruwa iri uku da kake da su a gida, ka rubuta jimla biyu a kan abin da ka gani a kowanne.